Ƙofar da Intisar Ta Sa Aka Toshe

Attahiru magini ya toshe ƙofar da shi da kansa ya fasa. Intisar 'yar Sulaiman ce ta sa shi.

Ga yadda ƙofar ta samu. Shekarar da yaƙi ya ci birnin Madani, Intisar ta baro asibitin da take aiki, ta dawo Hillat Tukur, ƙauyen ubanta, a bakin kogi arewa da Rusairis. Ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda ake ce wa sista. Ba ita kaɗai ta zo ba. Motoci sun yi ta sauke mutane, daga Madani, daga Kamlin, daga baya har daga Dinder. Kowane gida ya cika da baƙi, makaranta ma ta cika. Mutumin da ke riƙe da shafahana, wato ɗakin shan maganin ƙauyen, ya tafi neman iyalinsa bai dawo ba. Babu wanda ya naɗa Intisar. Ta ga ɗaki a rufe, ga marasa lafiya kwance a ƙofa, ta nemi mabuɗi ta buɗe.

Shafahanar da gidan Sulaiman bango ɗaya suka haɗa, baya da baya. Ƙofar shafahana tana kallon gabas, ta gidan tana kallon yamma, gidajen da ke gefensu kuma manne suke da juna, babu lungu. Wanda zai je daga wannan zuwa waccan sai ya kewaya ta bayan masallaci, ya bi ƙarƙashin kuka, ya gangara bakin kogi inda masunta suke ɗaure jirage, sannan ya hauro. Mukhtar, shugaban lajna, wato kwamitin ƙauye, shi ya ce wannan kewaye wahala ce ga yarinyar, a fasa mata bango. Da alheri ya faɗa. Attahiru ya zo da diga ya fasa, ya gyara bakin ƙofar da kyau, ya ɗora itacen bagaruwa a sama. Ya ja baya ya duba aikinsa, ya gamsu. Attahiru ba ya gamsuwa da wuri.

An yi ƙofar don Intisar ta shiga shafahana. Ba a daɗe ba ta zama ta shigar mutane gidan su Intisar.

Wanda ya zo bai same ta a kan kujera ba, sai ya leƙa. Wanda ya leƙa jiya, yau sai ya shiga. Tana salla, mata su zauna a gefen tabarma suna jiran ta sallame. Ta sa hannu a akushi, a miƙo mata yaro mai zazzaɓi ta kan miya. Wata ta taɓa tsayawa a bakin makewayi tana ba ta labarin ciwon bayanta ta bayan zana. Waɗanda suka warke ma ba su bar ta ba. Su ne suke zuwa godiya, a shimfiɗa musu, a dafa shayi, su ba da labarin ciwon tun daga farko. Korar mai godiya abin kunya ne, kowa ya san haka. Uwarta ta gaji da hura wuta, ubanta ya koma cin abinci a masallaci. Idan wani ya rasu a hannunta, wajibi ne ta je makoki, ta ɗaga hannu a yi Fatiha, sannan dangi su zagaye ta, kowa yana son ji daga bakinta yadda ran ya fita. Ta faɗa wa wannan, ta sake faɗa wa wancan.

Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ramewa kawai take yi.

Wata safiya ta sami Attahiru yana gina katangar Sa'id mai lambu. Ginin jalus yake yi, irin na ƙasar: a ɗora sahun laka ɗaya, a bar shi ya sha rana, sannan a ɗora wani. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi Hajja Yalwa matarsa, sannan ta ce tana roƙon ya toshe mata ƙofar nan.

Bai sauke hannu daga laka ba. Ya tambaye ta ko bakin ƙofar ya tsage ne. Ta ce a'a, lafiya lau take. Ko itacen ya lanƙwashe? Shi ma a'a.

"To mi ta yi miki?"

"Ta yi kusa, Baba."

Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an kai ƙarar ƙofa don ta yi kusa ba. Ta tsaya kaɗan, ta ga ba zai ƙara ba, ta yi masa sai an jima. A ransa ya yanke mata hukunci. Zaman birni ne. An sha fanka da ƙanƙara, yanzu warin talaka ya fara damu. Ya faɗa wa Hajja Yalwa haka da ya koma gida. Ta ce masa ya ji tsoron Allah. Ya ce yana ji.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da Hajja Yalwa, ta daina riƙe ko ruwa. Aka ɗauke ta a kan gado zuwa shafahana, Attahiru yana biye da sandarsa. Intisar ta ce sai an yi mata ƙarin ruwa. Ta ɗaure dantsen tsohuwar, ta shafa, ta kawo allura.

Attahiru mai aikin hannu ne, hannun mutum yake fara kallo kafin fuskarsa. Ya ga bakin allurar yana rawa. Ta soka, ba ta samu jijiya ba. Ta sake, ba ta samu ba. Hajja Yalwa ta cije haɓar mayafinta. Intisar ta ajiye allurar a faranti, ta ce tana zuwa, ta bi ta ƙofar nan ta shiga gidansu.

Daga inda yake zaune yana hango tsakar gidan. Ƙofarsa ce, ya yi ta da faɗi. Ya ga ta nufi randa, ta ɗebi ruwa, ta dafa bango da hannu ɗaya ta sunkuyar da kai. Kafin moɗar ta kai bakinta, mata biyu sun tashi daga layi sun bi ta. Ɗaya tana nuna mata kunnen jariri. Ɗaya tana jan hannun rigarta, wai ita tun hantsi take nan. Intisar ta mayar da ruwan cikin randa ba ta sha ba, ta duba kunnen.

Da ta dawo, ta aika aka kira Ruqaya ungozoma, mace mai jiki da sanyin hannu. Ruqaya ta riƙe dantsen, Intisar ta dafa gwiwar hannunta a kan gado, ta ja numfashi, allura ta shiga. Ruwa ya fara ɗiga.

Attahiru ya ce jijiyar tsofaffi takan ɓuya. Don ya rufa mata asiri ya faɗa.

"Ba jijiyar Hajja ba ce, Baba. Hannuna ne."

Ta zauna a bakin gadon, ta yi maganar a hankali don kada na waje su ji. Ta ce a Madani aikin ya fi wannan yawa, ta ga abin da ba za ta iya faɗa ba, amma hannunta bai taɓa rawa ba. Can idan lokacin tashi ya yi, takan cire farar riga ta rataye, ta miƙa marasa lafiya ga wadda ta karɓe ta, ta fita. Babbar sistar da ta koya musu aiki takan hana su hawa raksha, keken haya mai ƙafa uku, daga ƙofar asibiti. Takan ce su taka da ƙafa ko da kaɗan ne, su bi ta bakin kogi, duk wanda ya mutu musu ranar su ajiye shi a hanya, kada su kai shi gaban akushin uwarsu. A da suna dariyar maganar. Ta ce yanzu ta gane. Da ta fara aiki a nan, kewayen bayan masallaci shi yake yi mata wannan aikin, ita ma ba ta sani ba sai da aka ɗauke mata shi. Tun da aka fasa bango ba ta tashi daga aiki ba. Ko barci take, kunnenta yana ƙofar.

Ta ce yayanta Tariq ya aiko daga Bur Sudan ta je can, uwarta har ta haɗa mata jaka, tana ƙarƙashin gado.

"Ba ni son tafiya. Amma in hannun nan ya tafi, ba ni da amfani, nan ko can. Wata rana yaro ne za a kawo, ba Hajja mai haƙuri ba."

Attahiru ya dubi ruwan da ke ɗiga, ya dubi ƙofarsa. Ya tuna yadda Sa'id yake damunsa ya ƙara sahu kafin na ƙasa ya bushe, da yadda yake kore shi. Bai faɗa mata wannan ba. Ba mutum ne mai kawo misali ba.

Washegari ya kwaɓa laka a ƙofar gidan Sulaiman.

Aikin bai yi sauri ba, don jalus ba ya son gaggawa, kuma Attahiru ba zai ɓata gininsa saboda kowa ba. Sahun farko bai kai gwiwa ba. Mutane suka riƙa tsallakewa, wata har ta bar masa sawun ƙafa a ɗanyar laka. Sai ya kawo kujera ya zauna a wurin da sandarsa. Duk wanda ya ɗaga ƙafa, ya ce masa laka ɗanya ce. Ba ya cewa don Sista, laka kawai yake karewa, da ita babu mai yi masa musu. Masu zaman ƙofar masallaci suka samu abin yi. Wani ya ce Attahiru ya samu sana'ar da ba ta ƙarewa, ya fasa da rani ya toshe da bazara. Wani ya ce a kai shi ƙofar gidan surukarsa ya toshe masa. Wata tsohuwa ta tsaya a kansa ta ce, ashe ana toshe hanyar alheri, Attahiru? Ya ce mata hanyar tana nan ta gabas, da ƙyaure da komai.

Mukhtar ma ya zo. Ya ce lajna ce ta sa aka buɗe. Attahiru ya ce mai ɗakin ce ta sa a rufe. Mukhtar ya juya ya tafi, ransa bai so ba.

Ya bar itacen bagaruwar a cikin bangon, cire shi zai raunana ginin. Har yau ana ganin shi, kamar gira a fuskar da babu ido.

Intisar ba ta toshe ƙofa ta bar mutane haka ba. Ta zauna da Ruqaya ta koya mata abin da za ta iya: auna zafin jiki, wanke rauni, haɗa ruwan gishiri da sukari, da gane ciwon da zai iya kwana da wanda ba zai iya ba. Idan jini ne ya ɓalle wa mai haihuwa, ko maciji, ko amai da gudawa, a aiko mata ko tana ina. Sauran su jira safiya. Masu godiya kuwa ta ce su yi mata addu'a daga gidajensu, tana isowa. Makoki takan je, ta yi Fatiha, ta zauna kaɗan, wanda ya tambaye ta yadda ran ya fita ta ce da sauƙi, Allah ya jiƙansa, ta miƙe.

Bayan la'asar takan cire farar riga ta rataye a ƙusa, ta ba Ruqaya mabuɗi, ta yafa tob ɗinta, dogon mayafin matan ƙasar, ta fita. Ta bayan masallaci, ta ƙarƙashin kuka, sai bakin kogi. Can takan zauna a kan wani tsohon jirgi da aka kife, ta tuɓe takalmi, ta sa ƙafa a ruwa. Masunta suna gyaran koma a gefe. Da farko sun so kawo mata ciwon haƙori da na gwiwa, ta ce musu Sista tana rataye a ƙusa, wannan 'yar Sulaiman ce. Suka yi dariya, suka ƙyale ta. Daga baya su ne suke kore mata mutane. Ranar Juma'a ba ta buɗewa sam. Takan yi kitso, ta sha jabana, wato gahawa, da ƙawayenta, ta yi barcin rana.

An yi ta magana. An ce girman kai. An ce wadda take da ƙofa a bayan gadonta ta zaɓi zagaya gari kamar mai talla. Attahiru yana ji. Hannunta yake kallo. Ya kai Hajja Yalwa a sake duba ta, ya ga allura ta shiga sau ɗaya, kamar an zare gashi daga man shanu. Ya ji tana tsokanar Hajja, wai ta rage yi wa Baba faɗa jininta zai sauka. Da damina ta kawo amai da gudawa, ta tsaya a kan ƙafarta har cutar ta wuce, ita da Ruqaya suna karɓar juna, kuma ko a lokacin ba ta bar zuwa bakin kogi ba, sai dai ta taƙaita. Mutane da yawa da ke tafiya a Hillat Tukur yau, a wancan watan aka ceto su. Uwarta ta kwance jakar.

Sai Sharfuddeen ya faɗi.

Sharfuddeen mahaifin Mukhtar ne, kuma abokin Attahiru tun suna yara suna kamun kifi da hannu. Ya daɗe yana fama da zuciya. Ranar, bayan la'asar, yana alwala ya kife. Gidansu ta yamma yake. 'Ya'yansa suka ɗauke shi a guje, kuma saboda ƙafa ta saba, ba su nufi ƙofar shafahana ba, gidan Sulaiman suka faɗa. Suka ratsa tsakar gida, suka ci karo da bango. Intisar tana bakin kogi. Aka ruga aka kira ta, ta hauro ba takalmi. Ta durƙusa ta taɓa wuyansa, ta sa kunne a ƙirjinsa, ta danna, ta daɗe tana dannawa. Sannan ta rufe masa ido.

A makoki babu wanda ya ce mata komai. A bayanta aka faɗa. Da ƙofar tana nan, da tana gida ko tana ɗakin. Da an samu allura. Bangon nan ne. Attahiru yana zaune a cikin rumfa yana jan carbi, maganar tana shigarsa. Shi ya kwaɓa lakar. Shi ya zauna da sanda. Mutumin da aka binne kuma shi kaɗai ya rage mai kiransa da sunan yarinta.

Da aka tashi makoki Mukhtar ya same shi a gida. Bai zo da faɗa ba, da ya zo da shi da abin ya yi sauƙi. Ya durƙusa ya gaishe shi da Baba, ya ce lajna ta zauna, Sulaiman ma ya yarda, don kunya ta hana shi fita masallaci. Ya ce ba don mahaifinsa ba, wannan ya riga ya tafi, don na gaba. Ya ce itacen yana nan a bango, aikin yini ɗaya ne.

Attahiru ya shiga ɗaki ya ɗauko diga. Ya ce zai je, amma ba zai sari bangon ba sai ya ji daga bakin wadda ta sa shi ginawa.

Suka same ta tana rataye farar riga. Ruqaya tana gefe da mabuɗi a hannu. Intisar ta ga digar, ta ga fuskar Mukhtar, ta jawo musu benci. Ta sake yi masa ta'aziyya, ta ce Baba Sharfuddeen shi ya fara kawo mata mangwaro da ta dawo, ya ce ta yi rama.

Mukhtar ya faɗi abin da ya kawo shi, bai ɓoye komai ba, har maganar da ake yi a gari.

Ta ce ta ji maganar. Ta ce ta juya ranar a ranta fiye da yadda kowa ya juya ta, a kan jirgin nan da aka kife, kullum. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya don ta wanke kanta ba, kuma ba za ta yi masa ƙarya don ta sanyaya masa rai ba: zuciyar ta tsaya tun kafin a fito da shi daga gida, kuma babu abin da ke cikin ɗakin nan da zai tashe ta. Rai na Allah ne. Abin da ya ɓace ranar hanya ce, an bi ta yamma maimakon gabas, inda Ruqaya take zaune. Ta ce a faɗa a masallaci ranar Juma'a, kowa ya ji, ƙofa ɗaya ce.

"Mun yarda, Sista," in ji Mukhtar. "Amma a buɗe ta, a sa mata ƙyaure da kwaɗo. Mabuɗi na hannunki. Sai ranar larura."

"Yaya Mukhtar, kai za ka tsaya ka faɗa wa uwar yaro cewa nata ba larura ba ne? Ni ban iya ba. In an ƙwanƙwasa zan buɗe. Gobe ma zan buɗe. Kafin damina ta dawo mun koma inda muka fito, ni kuma ina cikin motar Bur Sudan da hannu mai rawa."

Ta miƙa hannun nata a gabansu, tafin yana kallon ƙasa. Hannun bai motsa ba. Attahiru ya dube shi yadda yake duban bango da safe kafin ya ɗora sahu. Ya sauke digar daga kafaɗa, ya jingine ta a bayan benci.

Mukhtar ya ce kalma ɗaya lajna take jira, ta dubi girman ubanta, ta dubi na mamacin.

Intisar ta yafa tob ɗinta, ta sa takalmi. Rana ta fara sauka ta wajen kuka.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Ba za a buɗe ta ba."